Superman ya kada Thor, to sai me? Abin da muka gani cikin littafin JLA/Avengers



Ran Asabar da ta wuce, cikin shirinmu na matasa a radiyo, mun buɗe layi don a yi maganar hutun lakwal da abin da yara ke yi da lokacinsu. Kira na uku ne ya karkatar da shirin gaba ɗaya. Wani yaro, da ka ji muryarsa ka san bai fita kwaleji ba, ya ce shi tambaya guda gare shi: in aka haɗa Superman da Thor, wa zai kada wani? Muka yi dariya, muka ce wannan ai gardamar fada ce, a bar ta sai an ɗora shayi. Kafin mu rufe baki layi ya cika. Wannan ya ce Thor, tunda gudumarsa ta sihiri ce. Wancan ya ce ina, Superman ko dutse ya hura sai ya tashi. Can sai wani dattijo ya bugo, ya ce mu ji tsoron Allah, ana fama da tsadar hatsi mu kuma mun zauna muna gardama kan mutanen da babu su. Baba yana da gaskiyarsa, mun kuma ba shi haƙuri. Amma yaran nan da suka cika layi 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, kuma waɗannan jarumai suna cikin talhonsu, suna jikin rigunansu da jakunkunan lakwal ɗinsu. Abin da ya shiga gida har haka, gara a zauna a dube shi da kyau.

Tambayar yaron tana da amsa a rubuce, cikin wani littafin zane, irin wanda muke ce wa bede tun muna lise. Sunansa JLA/Avengers. Kurt Busiek ya rubuta labarin, George Pérez ya zana, Tom Smith ya sa launi. Ya fito kashi huɗu, kowane shafi 48, daga Satumba 2003 zuwa cikin 2004. Wani abokinmu da ya yi karatu a waje ya ara mana nasa, da sharaɗin kada ko ɗigon shayi ya taɓa shi. Da Ingilishi yake, mu kuwa Ingilishinmu na kwaleji ne, saboda haka dare biyar muka yi da diksiyone a gefe kafin mu kai ƙarshe.

Ga wanda bai san gidajen ba, a Amurka manyan kamfanoni biyu ne suka raba kasuwar irin waɗannan jarumai. DC ke da Superman, Batman, Wonder Woman, Flash da Green Lantern, kuma ƙungiyarsu, Justice League, ta fara fitowa a 1960. Marvel ke da Captain America, Thor, Iron Man, Hawkeye da sauransu, ƙungiyarsu Avengers ta fito a 1963. Yayyenmu da suka karanta mujallar Strange da ake bugawa a Faransa sun san su da sunan Vengeurs. Kamfanonin nan kishiyoyi ne, kowa yana tsaron nasa kamar gonar gado. Sun taɓa haɗa Superman da Spider-Man a 1976. Daga nan aka shirya haɗa manyan ƙungiyoyin biyu, Gerry Conway ya tsara labari, Pérez ya zana shafi 21 a 1983, sai editocin gidajen biyu suka saɓa, aka tura aikin cikin durowa. Shekara ashirin ya jira. Cikin wannan jiran ne ya zana Crisis on Infinite Earths, ya sake gina Wonder Woman a 1987, ya kuma yi Avengers tare da Busiek daga 1998. Har lokacin da ya sa hannu ga wani kamfani na daban, sai da ya sa aka rubuta masa cewa in wannan aikin ya taso za a sake shi ya je ya yi. Mun kawo wannan tarihin ne don ana ganinsa a kowane shafi. Zane ne na mutumin da ya san ba za a ba shi wannan dama sau biyu ba.

Ƙashin bayan labarin ba wani abin a zo a gani ba ne, mu faɗi gaskiya. Wani tsohon masani mai suna Krona, daga ɓangaren DC, ya haukace da son ganin yadda halitta ta fara, yana ragargaza duniyoyi ɗaya bayan ɗaya yana neman amsa. Da ya iso ɓangaren Marvel sai ya haɗu da Grandmaster, wani ɗan caca da ba ya mutuwa, wanda ya ce masa a yi wasa. An warwatsa kayan ƙarfi goma sha biyu, shida daga kowace duniya, ƙungiyoyin biyu su yi tseren tattarawa. Kowace ƙungiya an gaya mata rabin gaskiya, kuma Avengers ba su san cewa Krona suke yi wa aiki ba, wato in sun ci, duniyarsu ce za ta tafi. Shi ke nan. Dabara ce kawai ta a samu dalilin da mutanen kirki za su naushi juna, kuma duk wanda ya taɓa karanta irin waɗannan littattafai ya san ta.

Inda littafin ya fara kama mu shi ne wajen da kowace ƙungiya ta taka ƙasar ɗaya ta duba.

'Yan Justice League sun shiga duniyar Marvel, abin da suka tarar ya tayar musu da hankali. Flash ya ga taron mutane sun biyo wani yaro da gudu za su kashe shi, laifinsa kawai an haife shi da wata halitta ta daban, irin dangin su X-Men. Sun ga Doctor Doom yana mulkin ƙasa guda da ƙarfin tsiya, ba wanda ya tuɓe shi. Sun ga kufan Genosha, tsibirin da aka hallaka mutanensa. Batman, wanda shi ne ya gargaɗi kowa kada a tsoma baki cikin abin da ba nasu ba, shi ne ya kasa haƙuri da ya ga Punisher yana shirin harbe wasu dillalan ƙwaya, ya sauka ya lakaɗa masa duka. Superman ya dubi wannan duka ya yanke hukunci: jaruman wannan duniya ragwaye ne, suna da ƙarfi sun bar jama'arsu cikin wahala.

Su kuma Avengers da suka faɗa duniyar DC sai suka ga akasin haka. Birane tsaf, yara na bin jarumai suna neman su sa musu hannu a takarda, har gidan tarihi guda aka gina don Flash kaɗai. Wasunsu abin ya burge su, musamman Quicksilver, wanda a garinsu jifa yake sha. Amma Captain America, sojan da ya yi yaƙi da 'yan Nazi, ya ga wani abu daban. A ganinsa duk inda talaka ke durƙusa wa mai ƙarfi haka, to akwai tsoro a ƙasa, kuma waɗannan jarumai sun mai da kansu iyayengiji ne kan jama'a.

Wallahi a nan muka ajiye diksiyone muka yi shiru. Mutum biyu ne, kowannensu mai gaskiya ne a gidansu, kowanne kuma ya ga abin da ɗayan ya daina gani don ya saba da shi. Mai ƙarfi ya yi yawa, a ce ya danne mutane. Ya ja baya, a ce ya yi watsi da su. Wace unguwa ce ba ta san wannan gardama ba? Akwai attajirin da in ya gina rijiya sai a ce so yake a yi masa fadanci, akwai wanda in ya kame hannunsa sai a ce rowa. Akwai babban wa da ke yanke wa ƙannensa komi har ba su iya sayen allura sai da izininsa, akwai wanda ya tafi Yamai ya manta da hanyar gida. Busiek ya ɗauki bambancin da masu karatu suka daɗe suna ji tsakanin gidajen biyu, cewa jaruman DC ana ɗaga kai a dube su, na Marvel kuwa ana hararar su, ya mai da shi rigimar da ke cikin labarin. Wannan basira ce, kuma ita ce ta sa muka ce littafin ya cancanci a yi masa rubutu.

Amma kuma a nan ne ya ba mu haushi mafi girma. Da tafiya ta yi nisa sai aka bayyana cewa zafin kan da Superman da Captain America ke yi ba nasu ba ne zalla. Wai kowannensu ya shaƙu da duniyarsa ƙwarai, to gogayyar duniyoyin biyu ce ke dama musu tunani. Haba! An kawo mu bakin gardama ta gaske, sai aka ce ai duk zazzaɓi ne. Mun gane dalilin: ba kamfanin da zai yarda a nuna babban jaruminsa da son kai ko rashin adalci, dole a wanke kowa kafin a mai da shi gida. Daga baya su biyun sun zauna sun ba juna haƙuri, ɗaya ya amsa cewa tsoronsa kada ya yi wa mutane yawa, ɗayan tsoronsa kada abin da yake yi ya kasa. Zaman ya yi kyau. Da an bar maganganunsu na farko a matsayin nasu, ba na wata iskar sararin sama ba, da zaman ya fi haka nauyi.

To, mu zo ga dambe, tunda shi yara ke jira.

A kashi na biyu aka gwabza. Thor ya kawo wa Superman sara da guduma, Superman ya tare ta da tafin hannu, ya mai da masa naushin da ya kwantar da shi. Superman ya ci. Ga amsarka nan, ɗan ƙanenmu. Sai dai ya ci ne yana haki, ƙafafunsa na rawa, kuma nan take sauran Avengers suka yi masa taron dangi suka kai shi ƙasa. Ka ga an ba kowane gida abin da zai riƙe ya yi alfahari. Mu da muka tashi muna jin kokowar takobi a radiyo mun san yadda kaye na gaskiya yake. In gwiwa ta taɓa ƙasa ta taɓa, ko Issaka Issaka ne, rairayin fili ba ya sanin sunan kowa. A littafin zane kuwa alƙalamin marubuci ne ke kayarwa, bayansa kuma akwai kamfanoni biyu da ke auna kowane naushi. A 1996 ma, da aka yi wani haɗin mai suna DC vs. Marvel, ƙuri'ar masu karatu ce ta yanke faɗa biyar daga ciki, shi ya sa Wolverine ya kada Lobo, Storm ta kada Wonder Woman. Wanda ya fi magoya baya shi ya ci. Saboda haka in kun ga muna dariya in an tambaye mu wa ya fi ƙarfi, ba raini ba ne.

Faɗan da ya fi burge mu shi ne wanda ba a yi ba. Batman da Captain America sun tsaya gaba da gaba cikin ruwan sama. Pérez ya yanka shafin ƙanana-ƙananan akwatuna, nan hannu ya motsa, nan ƙafa ta gusa, nan an gwada an tare, kamar 'yan kokowa biyu da ke taɓa juna kafin kamu. Sai Batman ya tsaya, ya yarda cewa mai yiwuwa Kyaftin ya iya kada shi amma sai an daɗe, kuma kafin nan wanda ya haɗa su faɗan yana can yana cin riba. Suka bar sauran suna ta dambe, su biyu suka tafi neman wanda ya kitsa abin. Su ne suka gano gaskiyar cacar, har Kyaftin ya saki wasan da gangan don Justice League ta ci. Shafi ɗaya ko biyu ne, ba gini da ya rushe, amma mun koma kansa ya fi sau biyar.

Akwai kuma ƙananan abubuwa masu daɗi da Busiek ya baza ko'ina. Flash ya shiga duniyar Marvel gudunsa ya ƙare, don tushen ƙarfinsa babu shi a can. Scarlet Witch ta shiga ta DC sihirin wurin ya yi mata yawa har yana neman kwantar da ita. Darkseid, babban mugun DC, ya samu safar hannun nan ta Thanos da duwatsunta, wadda yaranmu suka sani a fim, ya ga ba ta aiki a duniyarsa, ya yar da ita kamar tsohon takalmi. Wonder Woman ta hangi Hercules ta far masa, saboda abin da Hercules na duniyarsu ya yi wa mahaifiyarta, shi kuwa wannan bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Hawkeye da bakinsa da ba ya shiru ya kalli Justice League ya ce ai kwaikwayon wata ƙungiya ce ta garinsu, alhali a zahiri waccan ƙungiyar Marvel ta ƙirƙire ta ne tana kwaikwayon Justice League. Wanda ya sani zai yi dariya. Wanda bai sani ba zai wuce bai ji komi ba, kuma za mu dawo kan wannan.

Kashi na uku shi ne zuciyar littafin, kuma shi ne ba a cika maganarsa ba. Duniyoyin biyu sun narke sun zama ɗaya. Jaruman sun farka cikin wata rayuwa inda tun fil azal abokai ne, suna ziyartar juna, suna cin abinci tare, ana barkwanci. Waɗanda suka mutu suna raye. Barry Allen, Flash na da, yana nan. Hal Jordan yana nan da zobensa, bai taɓa ɓata ba. Sai dai ginin ba ya tsayuwa, lokaci na tsalle, birane na rushewa, mutane na mutuwa. Da suka je wurin Grandmaster yana gargarar mutuwa, suka ce ya nuna musu rayuwarsu ta gaskiya, wadda za su koma in an gyara. Ya nuna musu. Barry ya ga mutuwarsa. Hal ya ga kansa ya haukace ya zama mugu ya kashe abokan aikinsa. Tony Stark ya ga kansa cikin kwalba, giya ta cinye shi. Hank Pym ya ga hannunsa ya mari matarsa. Batman ya ga gawar yaron da ya raina. Scarlet Witch da mijinta Vision suka ga 'ya'yansu biyu da za a ɗauke musu kamar ba a taɓa haihuwarsu ba.

Pérez ya zana wannan wuri da tarin ƙananan hotuna da suka kewaye jaruman, su kuma suna tsaye a tsakiya an bar su da fuskokinsu. Ba naushi ko ɗaya. Tambayar da ke gabansu ita ce: mu riƙe wannan rayuwa mai daɗi wadda ƙarya ce kuma tana kashe bayin Allah, ko mu koma ta gaskiya inda ni zan mutu, kai za ka kunyata, ke za ki rasa 'ya'yanki? Vision ya yi tawaye da farko, kuma wa zai ga laifin uba? Hal Jordan, wanda ya fi kowa asara tunda shi sunansa ne zai ɓaci, shi ya ce a koma. Mun karanta wannan wajen ƙarfe ɗaya na dare, wuta ta ɗauke, muna haskawa da talho, kuma ba mu jin kunyar cewa ya taɓa mu. Duk wanda ya taɓa zama da wata gaskiya mai ɗaci a cikin gida, wadda in an faɗe ta za a yi asara in an rufe ta wani ne zai cutu, zai gane wannan shafi ko bai san sunan kowa a ciki ba.

Yanzu zanen kansa. Abin da aka fi sanin Pérez da shi shi ne taro. Bangon kashi na uku ya ɗauki duk wanda ya taɓa zama ɗan ƙungiyoyin biyu, sama da mutum 200 a hoto guda, har aikin ya jawo masa ciwon jijiyar hannu. Amma yawa kaɗai ba gwaninta ba ce, kowa na iya cika takarda da kawuna. Ku dubi fuskokin. Hancin Hawkeye daban da na Captain America, alhali dukansu fararen fata ne masu farin gashi, waɗanda a hannun wani mai zanen sai ka rantse tagwaye ne. Kowa da irin tsayuwarsa. Thor na tsaye kamar basarake, Batman kullum yana gefen da inuwa take, Plastic Man ba ya zama da siffa ɗaya cikin akwati biyu a jere. In gini ya rushe, Pérez sai ya zana tubalin ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfen da ya lanƙwashe da ƙurar da ta tashi. Kuma duk cunkoson nan ido ba ya ɓata, ka san inda za ka fara da inda za ka bi. Mu da muka taso da Tintin da Lucky Luke a laburaren lakwal, inda layi ke da tsabta fili ke da yawa, da farko shafin Pérez ya yi mana kamar kasuwar Dole ran Alhamis. Sai da muka saba muka ga ashe kowace rumfa da layinta.

A kashi na huɗu ya yi wani abu da sai mai haƙuri zai lura. Saboda lokaci ya rikice, jaruman na canzawa a tsakiyar yaƙi. Wanda ya ɗaga hannu da rigarsa ta shekarun 1960 sai ya sauke shi da ta shekarun 1990, wani ya ɓace wani ya fito a gurbinsa. Haka aka samu kowa ya leƙo, har su Black Panther da Falcon da Steel, ko da na akwati ɗaya ne. Superman da kansa ya ce Captain America ya ja ragamar rundunar duka, Kyaftin kuma ya miƙa masa garkuwarsa. Can ƙarshe Thor ya jefa masa guduma. Hoton Superman da garkuwa a hannu ɗaya, guduma a ɗayan, riga a yage, shi ne bangon kashin, kuma shi ne hoton da ya fi yawo a intanet. Amma ba shi ya gama da Krona ba. Flash ne ya ɗauke masa hankali, Hawkeye, mutum zalla mai baka da kibiya, ya harba guda ɗaya ta fasa abin da ƙarfin ke ciki. Wannan zaɓin ya yi mana daidai.

Laifuffukan fa? Akwai su. Kashi na huɗun nan, duk da kyansa, ya yi tsawo, yaƙi ne shafi bayan shafi har mutum ya gaji, kuma Krona mugu ne marar ɗanɗano, ihu kawai yake yi. Launin kwamfuta na farkon shekarun 2000 wani wuri yana ƙyalli fiye da kima, yana danne siririn layin Pérez. Magana ta yi yawa a wasu akwatunan, ga taro ga surutu. Babban laifin kuwa, littafin ba ya maraba da baƙo. An rubuta shi ne don wanda ya shekara talatin yana bin waɗannan mutane. Shafin da muka ce ya taɓa mu, rabin hotunansa sai da muka tambayi mai littafin wane ne wannan, me ya same shi. Yaron da ya san Avengers ta fim ɗin 2019 kaɗai zai ga Thor ɗin nan da Hawkeye ɗin nan ba su yi kama da nasa ba. Ga iyaye kuma, mu faɗa muku tun da wuri: ba batsa a ciki, jini ma kaɗan ne, amma shigar matan matsattsiya ce irin ta waɗannan littattafai, sannan akwai maganar alloli da asalin halitta. Tatsuniyar Amurkawa ce da suka ɗebo daga tsofaffin almarar Turai, kamar yadda ba wanda ke ɗaukar Gizo da Ƙoƙi a matsayin akida. Duk da haka yaro ƙarami gara ya karanta da babba a kusa.

Sai maganar samunsa, wadda ita ma abin takaici ce. Tunda mallakar gida biyu ne, Marvel na hannun Disney tun 2009, DC na hannun Warner, ba mai iya sake buga shi sai ɗayan ya yarda, shi ya sa ya yi shekaru ba ya kasuwa. A Disamba 2021 Pérez ya sanar cewa yana da ciwon daji da ba zai warke ba. Sai a lokacin kamfanonin suka amince wata ƙungiyar taimakon tsofaffin masu zane, Hero Initiative, ta sake buga shi a Maris 2022, kwafi 7,000 kacal. Kuɗinsa dala 30 ba kaɗan, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba, wato wajen jika 18. Nan da nan ya ƙare, 'yan kasuwa suka riƙa sayar da shi ninkin-ba-ninkin. Pérez ya rasu ran 6 ga Mayu 2022, yana da shekara 67. Ɗan talakawa ne, iyayensa 'yan Porto Riko, ya tashi a unguwar Bronx ta Niyok. Ya ga fitowar bugun kafin ya cika, wannan kam an kyauta. Amma kwafi 7,000 ga duniya duka, ai ko lise-lisen Damagaram da Maraɗi kaɗai aka raba wa ba zai isa ba. A 2025 gidajen biyu sun koma haɗa jarumansu, sun fara da Batman da Deadpool.

Mun san yadda yawancin yaranmu za su gan shi: hoto-hoto a talho, wani ya turo wa wani. Ba mu ce komi ba, wanda bai da rijiya ba a hana shi tulun maƙwabci. Amma ku sani shafi biyu a buɗe na Pérez, in aka matse shi cikin gilashin da bai kai tafin hannu ba, mutum 200 ɗin nan sun koma tururuwa. Masu zane a cikinku, kuma mun san kuna da yawa don muna ganin bayan kayenku, in kun samu hoton ku buɗe shi sosai, ku ɗauki kusurwa guda, ku kwafi fuska biyar, ku ga ko za ku iya sa kowace ta bambanta da 'yar'uwarta ba tare da taimakon riga ba.

Kai kuma ɗan ƙanenmu mai tambaya, akwai saura guda da ba mu gaya maka ba. Bayan an gama yaƙi, ƙura ta lafa, gudumar na kwance a ƙasa, Superman ya sunkuya zai ɗauka ya miƙa wa mai ita. Ta ƙi tashi. Ya ja, ko motsi. Thor ya zo ya ɗauke abarsa da hannu ɗaya, ya bayyana masa cewa sharaɗin da mahaifinsa Odin ya ɗora mata yakan sassauta ne a lokacin tsananin buƙata kawai. To ka je fada da wannan, ku raba gardamar yadda kuka ga dama. Ran Asabar mai zuwa za mu shigo da littafin cikin shiri, ƙarfe huɗu na yamma, in ka bugo za mu karanta maka lambar shafin. Ka yi sauri dai, mai shi ya ce ƙarshen wata yake son abinsa.